Takardun Gidan Waziri

Da safiyar 15 ga Maris 1903 rundunar Ingila ta ja daga a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Mahaya dawaki da masu da takubba suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi gabas da waɗanda suka zaɓi hijira, tafiyar da ta ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada. Wazirinsa, Muhammadu Buhari, ya fita da wata jama'a zuwa Marnona. Da Turawa suka shiga birnin, kusan kango suka tarar.

A gidan Waziri aka sami tarin wasiƙu da Larabci, suka faɗa hannun sababbin masu mulki. Shekara 24 bayan haka, a 1927, wani jami'insu mai suna H. F. Backwell ya fitar da fassarar wasu daga cikinsu da Turanci, aka buga a Legas.

Duk wanda ya karanta fassarar nan zai ji muryar sarakunan da ke kallon ƙasa tana kuɓuce musu gari bayan gari. Bida da Kwantagora sun faɗi a farkon 1901, Yola ta bi su a watan Satumba. Lamiɗo Zubairu ya rubuto yana ba da labarin yadda Nasara suka ci garinsa, ya fita, kuma ba shi da niyyar zama a ƙarƙashinsu. Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Waziri cewa bai ga wata dabara da ta fi wa Musulmi ba, sai dai a tashi gaba ɗaya a bar ƙasar. Mu mutanen ƙasar Kano mun san yadda ta ƙare da Alu. Turawa sun fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba ya gari, ya tafi mubaya'a Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, Alu kuma aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wannan duk mun ji shi a bakin kakanni. Amma abin da mutumin yake saƙawa a ransa kafin a zo ga haka, da shawarar da ya bayar tun da sauran lokaci, baki bai riƙe mana su ba. Takarda ce ta riƙe.

Wasiƙar sarauta ta wancan zamani ba ta da tsawo. Warƙa guda ce, da hatimin mai aikowa a sama, sai bisimilla da salati, sai gaisuwa gwargwadon matsayin wanda aka aika wa, sannan maganar a taƙaice. Yawancinsu ko kwanan wata babu. Sauran bayani yana bakin manzo, shi zai zauna gaban mai gida ya warware zare da abawa. Ita kanta takardar daga nesa take zuwa. Da yawa ana yin ta ne a Italiya, ta bi ta Tarabulus, ta ƙetare hamada a bayan raƙumi, kuma idan ka ɗaga ta ga haske za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. Abin da ya sha wannan tafiya ba a wasa da shi.

Dalilin da wasiƙun suka taru a gidan Waziri shi ne, shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas a fadar Sarkin Musulmi. Ta hannunsa gaisuwa da ƙara da neman izini suke shiga, ta hannunsa umarni yake fitowa. Shi wannan Buhari yana cikin Kano a ƙarshen 1893 lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, kuma shi ya naɗa Tukur, ɗan marigayin, bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman. 'Ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai tare da Yusufu, Basasa ta ɓarke. Yusufu ya rasu, Alu ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Yaƙin nan ya ci garuruwa da ƙauyukan ƙasar Kano, ya raba gidajen da har yau wasu tsofaffi ba sa son a tayar da zancen. Mai neman ya gane shi daga tushe dole ya bi ta takardun Sakkwato.

Amma gidan bai fara tara takarda a zamanin Buhari ba. Tushen abin yana can shekara ɗari baya.

A watan Fabrairu 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu, Sarkin Gobir Yunfa yana farautarsa. Mutanen da ke gudun ransu, da mata da yara da tsofaffi, ba su bar littattafai a baya ba. Wani malamin Abzinawa, Agali, ya taimaka da raƙuma aka ɗora su. Cikin ayarin akwai yarinya 'yar shekara goma da 'yan watanni, Asma'u, 'yar Shehu. Ita ce daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, kuma da Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, Giɗaɗo ne wazirinsa. Gida ɗaya ya haɗa mutumin da wasiƙun daula ke bi ta hannunsa da matar da ke rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Baƙo ya shaida yadda mutanen nan suke da littafi. Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 aka sauke shi a hannun Giɗaɗo, ya dawo a 1826 da kyaututtuka daga Ingila, cikinsu har da littattafan Larabci. Ɗaya shi ne littafin lissafi na Uƙlidis, masanin Girka na dā. Bello ya gaya masa cewa gidansu da ma suna da kwafinsa, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, amma gobarar da ta ci wani sashe na gidansa ta cinye shi. Clapperton ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa kafin ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827. Na daɗe ina juya wannan 'yar magana. Idan wuta ta iya shiga gidan Sarkin Musulmi ta ci littafin da aka ɗauko tun daga Makka, to lallai abin da ya iso gare mu ragowa ne kawai, kuma bai iso da kansa ba, sai da wasu suka yi ta aiki a kansa.

Aikin kuwa shi ne kwafa. Littafin ƙasar nan ba ɗinke shi ake yi ba. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka, a rataye a bango inda gara da laima ba za su kai ba. Maimakon lambar shafi, mai rubutu yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowace wurinta. Idan takarda ta tsufa ta fara karyewa, sai a sa ɗalibi mai kyan hannu ya fere alƙalami, ya dama tawada, ya kwafe littafin daga bisimilla har tammat. Kowane zamani sai an sami wanda ya yi wannan. In aka yi rashin sa'a zamani ɗaya ya wuce ba a samu ba, littafin ya tafi ke nan.

Gidan Giɗaɗo bai rasa ba. Shi kansa ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu, ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, ta kuma tsara nata waƙoƙin na tarihi da wa'azi da marsiyya, waɗanda jagororin ƙungiyar mata ta 'Yan Taru suke haddacewa su kai wa matan ƙauye. Ta rasu a 1864. Ita kuma sarautar waziri ba ta bar gidan ba. Daga Giɗaɗo sai ɗansa Abdulƙadir, sai Ibrahim Halilu da Abdullahi Bayero, sannan Buhari, duk zuriyarsa ne. Da a ce kowane sabon Sarkin Musulmi yana ɗauke ta ya kai wani gida, da takardun sun warwatse tun kafin Bature ya zo. Zaman muƙami a gida ɗaya ne ya sa zauren Waziri ya zama ma'ajiyar daula ba tare da wani ya kafa masa doka ba.

Sai ga 1903. A Marnona, Buhari ya shiga tsaka mai wuya. Sarkinsa ya yi hijira. Jama'ar da ba za su iya tafiya ba suna kallonsa. Ya tara malamai ya nemi fatawa: a bi Attahiru, ko a koma a zauna ƙarƙashin Nasara? Aka ba shi amsa cewa ya halatta a yi mu'amala da su a kan al'amuran duniya don a tsare addinin mutane, muddin ba su hana salla da sauran shika-shikan Musulunci ba. Ya koma birni. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Zuciyar Waziri ba ta kwanta ba, har sai da ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi, yana bayyana abin da ya faru da dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi. Ita ma tana nan, kuma masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarinta a 1968.

Ba ni da bakin da zan fifita wanda ya zauna a kan wanda ya tafi. Waɗanda suka faɗi a Burmi, da waɗanda suka tsira suka bi Mai Wurno, ɗan Attahiru, har bakin kogin Nilu a Sudan, sun biya abin da ya fi ƙarfin alƙalamina. Abin da zan iya faɗa shi ne, komawar Buhari ta bar gidan a tsaye, kuma abin da bai shiga hannun Turawa ba ya ci gaba da zama a hannun masu shi. A 1906 aka haifa masa ɗa, aka sa masa Junaidu. Yaron yana ɗan shekara 4 mahaifin ya rasu.

Junaidu ya tashi almajiri a cikin littattafan kakanninsa, ya zama malamin da ake zuwa wurinsa daga nesa, ya zama Waziri a 1948 a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya riƙe har rasuwarsa a 1997. Ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa, ya rubuta littattafai da waƙoƙi masu yawa da Larabci. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1971. Amma abin da ya fi burge ni game da shi, bai kulle ɗakin littattafan ya rataya makulli a wuya ba.

A farkon shekarun 1960 wani saurayi ɗan Ingila, Murray Last, ya zo Sakkwato daga Jami'ar Ibadan, inda malaminsa H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya turo shi. Kafin lokacin, yawancin abin da aka buga da Turanci a kan daular daga rahoton matafiya da na Razdan da Di'o aka ɗebo shi. Wannan yaro sai ya zauna a hannun Waziri zaman ɗalibi, yana karanta wasiƙu da littattafan gidan, yana tambaya, mai gida yana warware masa wane ne wane, wace wasiƙa ce ta riga wace, tun da ba su da kwanan wata. A 1964 ya kammala digirin dakta, yana cikin na farko-farko da wata jami'ar Nijeriya ta bayar, a 1967 kuma aikin ya fito a littafi, The Sokoto Caliphate. Har gobe ba a koyar da tarihin daular a jami'a ba tare da shi ba. Shekara sittin tsakani, takardun gida ɗaya sun je wa Turawa ta hanya biyu: na farko an tarar da su a gidan da masu shi suka fita, na biyu kuwa mai gida ne ya buɗe da hannunsa, yana zaune yana gyara wa mai karatu kuskure. Littafin Backwell da na Last ba su yi kama ba, kuma dalilin ke nan.

Haka Waziri Junaidu ya yi wa Jean Boyd, malamar makaranta 'yar Birtaniya da ta zo Nijeriya a 1955 ta daɗe a Sakkwato. Ya fito mata da rubuce-rubucen Nana Asma'u da gidan ya adana sama da shekara ɗari. Daga nan littafinta The Caliph's Sister ya fito a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukan Nana kusan 60 a dunƙule, da asalinsu da fassararsu. Matan Sakkwato da ƙauyukanta ba su taɓa mance Nana ba, suna rera waƙoƙinta tun kafin a haifi masu fassarar. Sai dai yau ana karanta ta a jami'o'in Amurka da Turai, kuma wannan daga gafakar gidan Waziri ya fito. Hukumar tarihi ta Jihar Sakkwato, inda ake ajiye rubuce-rubucen hannu da takardun mulki, sunan Waziri Junaidu take ɗauke da shi, kuma ya cancanta.

Smith da ɗalibansa sun bar wata hanya mai kyau. A shirin binciken tarihin Arewa da aka kafa a Zariya, sukan ari littafi daga mai shi, su ɗauki hotonsa, su mayar masa da abinsa. Ma'ajiya ta samu, gida bai rasa ba. Smith ne kuma ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970.

A Kano labarin ya bi wata hanya. Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya daga almajiran Malam Salga, ya rasu a 1962 ya bar ɗaki cike da littattafai: fiƙihu, tauhidi, waƙoƙi, magani, asirai, da rubutun hannunsa. Bayan rasuwarsa, ta hannun John Paden, Ba'amurken da ya yi bincike a Kano, tarin ya koma Jami'ar Northwestern da ke Evanston kusa da Shikago. Guda 3,323 aka lissafa, kuma mafi yawansu rubutun hannu ne. Abdullahi Mohammed ya yi digirin dakta a kansu a 1978. Darajar tarin ita ce ya tafi a dunƙule, har mutum zai iya ganin abin da malami ɗan kasuwa na Kano yake karantawa a rayuwarsa. Na yi murna da bai lalace ba. Amma ba zan ɓoye ba, yana yi mini ciwo a ce jikan Bakano sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardar da aka rubuta a unguwarsu.

Yanzu bari in juyo gida. Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, da garuruwan da ke kewaye da ita, ƙasa ce ta gona-na-jikin-gona, inda kowane taƙi yake da mai shi kuma kowace iyaka take da labari. Ba gidan waziri a nan, amma akwai gidajen limamai da alƙalai da alarammomi da dagatai da fatake. A irin waɗannan gidaje akan sami tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado ko gafaka a ɗakin marigayi: Alƙur'ani rubutun kaka, kundin malam, salsalar ɗariƙa, takardar rabon gado, takardar jinginar gona, rasiɗin haraji da na jangali, wasiƙar ɗan'uwa da ya tafi Gwanja ko Makka a ƙasa bai dawo ba. Mai gida yakan ɗauka waɗannan ba tarihi ba ne, tun da babu sunan sarki a ciki. To ga misali. A 1994 Allan Christelow ya buga fassarar shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Abin da ke ciki rigimar gona ne, da gado, da rauni, da sata, na talakawa maza da mata, kuma daga cikinsu ne ake gane yadda mutumin karkara ya rayu shekara goma bayan zuwan Turawa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna cike yake da rahotannin jami'an da suka zagaya gundumomin Kano suna ƙidayar kawuna da gonaki don haraji. Wannan bakin mai karɓa ne. Bakin mai biya yana cikin adaka, kuma ba a ji shi ba tukuna.

Abokan gabar takarda a gidajenmu sanannu ne: gara, ɓera, yoyon damina, gobarar hunturu. Akwai wasu biyu da suka fi su ɓarna domin da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko rabon gado, inda za a kasa littafi guda warƙa-warƙa don kowane magaji ya sami tubarrakin mahaifi, a wayi gari babu wanda yake da littafi. Na biyu tsoron wulaƙanta sunan Allah, inda za a tattara duk tsohuwar takarda mai rubutun Larabci ko ajami a ƙone ko a binne ba tare da an karanta ba. Niyyar ta gari ce, amma sau da yawa abin da aka ƙone wasiƙa ce ko shaidar gona, ko waƙar da babu kwafinta a ko'ina.

Don haka ina roƙon duk wanda Allah ya sa irin wannan amana a hannunsa, a Zakirai ko a wani gari. Kada a raba littafi guda tsakanin magada, a bar shi a hannun mutum ɗaya da sunan kowa. A ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai laima. Kada a manna masa salatif, kada a kai shi a like shi cikin roba, domin zafi da gam kashe takarda suke. A sami rana mai haske a ɗauki hoton kowace warƙa da waya, gaba da baya, bi da bi, a tura wa 'yan'uwa fiye da ɗaya. A zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan, ya faɗi na wane ne, wa ya rubuta, daga ina aka zo da shi, a rubuta a ajiye tare. Sannan a tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko Arewa House, a ce su zo su ɗauki hoto, asalin kuma ya zauna a gida. A yi wannan kafin damina mai zuwa, tun tsohon da zai yi bayani yana da rai.